Kilomita 42 Da Sauran Tafiya: Wa Zai Biya Kuɗin Binciken Cututtukan Jijiya?

Kafin ladan ya kira assalatu, tashoshin mota na Keffi sun riga sun cika da mutane masu rataye da katin shaidar aiki. Da yawansu ma'aikatan gwamnatin tarayya ne waɗanda tsadar haya ta hana su zama a Abuja. Kowace safiya sai sun ratsa Masaka da Mararraba da Nyanya kafin su isa Sakatariyar Tarayya, tafiyar da ta kai kimanin kilomita 50. Gudun fanfalaki, wanda ake yi wa duk wanda ya kammala shi kallon gwarzo, kilomita 42 ne da mita 195. Ke nan ma'aikacin da ke kwana a Keffi yana cinye nisan da ya zarce fanfalaki sau biyu a rana, sai dai a zaune, cikin cunkoso da hayaƙi.

A cikin waɗannan motoci akwai masu ɗauke da kayan da ba su so a gani. Akwai wanda hannunsa ya fara karkarwa, ya koyi cusa shi a aljihu idan zai shiga ofishin maigida. Akwai wanda rubutunsa ya ƙanƙance har banki ya fara tantamar sa hannunsa. Akwai uwar da ta baro ɗa mai farfaɗiya a gida, ta ce wa malamai zazzaɓi yake yi, don kada a hana sauran yara zama kusa da shi. Wani babban nazari da aka wallafa a 2024 ya nuna cewa fiye da mutum ɗaya cikin uku a duniya na fama da wata lalura ta jijiya ko ƙwaƙwalwa, tun daga matsanancin ciwon kai har zuwa shanyewar ɓarin jiki. A ƙasar Hausa kuwa, da an ambaci ƙwaƙwalwa sai hankali ya tafi ga hauka ko aljanu, shi ya sa mai ciwon ke zaɓar shiru.

Idan ciwo ya fi ƙarfin ɓoyo, an san abin da ke biyo baya. Sai hoton majiyyaci ya bayyana a zauren WhatsApp na ma'aikata tare da lambar asusun banki, kowa ya tura abin da ya sawwaƙa, a biya kuɗin gado da na magani. Wannan alheri ne, kuma babu mai hankalin da zai raina shi. Matsalar ita ce, duk taimakon yana ƙarewa a kan takardar kuɗin asibiti ta mutum ɗaya. Wata mai zuwa wani hoton zai fito. Ko sisin kwabo ba ya zuwa ga tambayar da ke bayan hotunan: mutum nawa ne ke ɗauke da wannan cuta, me ke jawo ta a nan, wane magani ne ke aiki a jikin mutanen nan, nawa ne talaka zai iya biya. Ana ta kwalfe ruwa daga kwale-kwale, ba a nemi inda yake yoyo ba.

A wasu ƙasashe, majiyyatan da kansu ne suka ɗauki nauyin wannan tambaya, kuma da ƙafafunsu suka ɗauke ta. Jimmy Choi, wani Ba'amurke mazaunin kusa da birnin Shikago, yana da shekara 27 a 2003 lokacin da likita ya shaida masa yana da cutar Parkinson. Cuta ce da ke kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin da ke daidaita motsi, sannu a hankali, har mutum ya wayi gari da karkarwa da sandarewar gaɓoɓi da nauyin taku. Ita ce duniya ta gani a hannun Muhammad Ali ranar da ya kunna wutar gasar Olamfik a Atlanta a 1996. Choi ya yi abin da ma'aikacin Keffi ke yi: ya ɓoye, ya ƙi zancen, shekaru suka tafi har ya koma dogara sanda. A 2010 ya faɗo daga matakalar bene yana ɗauke da ƙaramin ɗansa. Allah ya tsare yaron, amma daga ranar uban ya daina gudun ciwonsa.

Da zagaya unguwa a ƙafa ya fara. Daga nan ya shiga sassarfa, ya kuma miƙa kansa ga gwaje-gwajen masu bincike. A watan Oktoban 2012 ya kammala fanfalakin Shikago, kuma tun daga lokacin ya yi fanfalaki fiye da goma da rabin fanfalaki fiye da 100. Kowane tsere yana roƙon 'yan uwa da abokan aiki su sa wani abu a kan gudunsa, har ya tara dubban ɗaruruwan daloli. Kuɗin ba aljihunsa suke shiga ba, ba kuma kuɗin maganinsa ake biya da su ba. Suna tafiya ne ga gidauniyar bincike da ɗan wasan fim Michael J. Fox, wanda shi ma ke da cutar, ya kafa a 2000. Choi bai warke ba, domin har yau cutar ba ta da waraka. Magunguna irin su levodopa sassauta alamunta kawai suke yi. Yana gudu ne saboda maganin da mai yiwuwa wani ne zai sha shi.

Mai karatu zai iya cewa wannan labarin Amurka ne, ina ruwan Keffi. Ruwanta ya fito fili a watan Agustan 2023, lokacin da mujallar Lancet Neurology ta wallafa sakamakon wani bincike da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas ke cikin jagororinsa, tare da abokan aikinta na Birtaniya da Amurka. An duba ƙwayoyin gado na masu cutar Parkinson kusan 1,500, da yawansu 'yan Najeriya, sai aka gano wani sauyi a ƙwayar gadon da ake kira GBA1 wanda ke ƙara haɗarin kamuwa da cutar. Sauyin ya yawaita a tsakanin masu asali da Afirka ta Yamma, kuma da ƙyar ake samunsa a jikin Turawa. Shekara da shekaru ana binciken gadon wannan cuta, amma da yake jinin Turawa aka fi dubawa, ba a gan shi ba. Majiyyatan Najeriya ne suka ba da jini, likitocin Najeriya ne suka tattara shi. Kuɗin aikin kuwa daga ƙetare suka zo, ta wani shiri na duniya da gidauniyar Michael J. Fox ke cikin masu tafiyar da shi.

Haka abin yake a Arewa. A Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad da ke Kano, da Asibitin Barau Dikko na Kaduna, an gudanar da gwaji kan yara 220 masu sikila waɗanda ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Sakamakon da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa ƙaramin awo na maganin hydroxyurea yana ba da kariya daga shanyewar daidai da awon da ya ninka shi. Ga uban da ke sayen magani da albashinsa, wannan sakamako kuɗi ne a aljihu. A Kano da Zariya da Kaduna kuma an yi wani aikin a gomman ƙananan asibitoci, don a ga ko ma'aikatan lafiya na matakin farko, idan an horar da su, za su iya gano farfaɗiyar yara su kula da ita a inda babu likita. Dukkan ayyukan biyu cibiyoyin binciken lafiya na gwamnatin Amurka ne suka ɗauki nauyinsu, tare da jami'o'in can.

Babu laifi a karɓi taimako, amma wanda ke cin abinci a hannun wani ba shi ke zaɓar lokacin da za a ɗauke kwano ba. A farkon 2025 sabuwar gwamnatin Amurka ta dakatar da mafi yawan tallafin da take bai wa ƙasashen waje, ta rushe hukumar USAID, ta kuma tsaurara hanyar da kuɗin bincike ke bi zuwa ga abokan hulɗa na ƙetare. Ko da ba a yi haka ba, mai ba da kuɗi shi ke zaɓar tambaya, kuma ba lallai ba ne abin da ke damun manomin Kokona ya dami mai ba da tallafi a Washington. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Tarihi ya nuna cewa ƙananan kuɗin talakawa sun taɓa sayen babban magani, kuma Arewa na cikin waɗanda suka ci moriyarsa. A 1938 shugaban Amurka Franklin Roosevelt, wanda ƙafafunsa suka shanye tun 1921, ya kafa gidauniyar yaƙi da shan-inna. Aka roƙi jama'a kowa ya aiko da ƙwandala ɗaya ta santi goma, har wasiƙu suka cika fadar shugaban ƙasa. Da irin waɗannan ƙwandaloli aka ɗauki nauyin aikin Jonas Salk, aka yi gwajin 1954 da ya haɗa yara kusan miliyan 1.8, aka sanar da nasarar allurar a watan Afrilun 1955. Gidauniyar ta kuma tallafa wa Albert Sabin, mai maganin ɗigawa a baki wanda aka bi gida-gida da shi a Kano da Katsina da Borno. Ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka a matsayin nahiyar da ta rabu da asalin ƙwayar shan-inna. Da yayyafi kogi kan cika.

Akwai hujjoji masu nauyi da za a iya kawowa a kan wannan kira, kuma sun cancanci amsa. Ta farko ita ce talauci. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun Yulin 2024, kuma kuɗin motar Keffi zuwa Abuja kaɗai na cinye kaso mai tsoka daga ciki. Wanda bai ƙoshi ba, da me zai tallafa wa bincike? Gaskiya ne, shi ya sa bai kamata a tilasta wa kowa ba, ko a cire wa kowa daga albashi ba da izininsa ba. Amma lissafi ne mai sauƙi: idan mutum 10,000 suka amince da naira 1,000 kowane wata, an sami naira miliyan 120 a shekara. Wannan ba zai gina ɗakin gwajin ƙwayoyin gado ba, amma ya isa a ƙidaya majiyyata gida-gida a ƙananan hukumomi biyu ko uku, a buɗe rajistar masu cuta a asibiti, a ɗauki nauyin matasan likitoci kaɗan su kammala bincikensu ba tare da sun nemi bizar fita ba.

Hujja ta biyu ita ce wannan aikin gwamnati ne. Haka ne, kuma masu karanta wannan shafi sun fi kowa sanin inda gizo ke saƙar. A Abuja aka zauna a watan Afrilun 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, kuma kasafin gwamnatin tarayya bai taɓa kai wa can ba. A 2022 ƙasashen Hukumar Lafiya ta Duniya, har da Najeriya, sun amince da shirin shekara goma kan farfaɗiya da sauran cututtukan jijiya, wanda zai kai 2031. Hukumar TETFund na da asusun bincike na ƙasa da malaman jami'a ke nema. Duk waɗannan takardu ne da ke jiran wanda zai motsa su. Hadimin da ke tsara wa minista jawabi, da jami'in da ke haɗa daftarin kasafi, da magatakardan kwamitin lafiya a majalisa, su ne ke yanke shawarar abin da zai hau saman tebur. Abin da jama'a suka fito titi a kansa ya fi saurin hawa. Saboda haka taron gudu ba ya sauke wa gwamnati nauyi, yana tuna mata da shi ne a bainar jama'a.

Hujja ta uku ita ce amana. An sha ƙaddamar da gidauniya da kaɗe-kaɗe, manya su yi alkawarin miliyoyi a gaban kyamara, daga nan a daina jin labari. Maganin wannan tsari ne da za a shimfiɗa tun kafin a karɓi naira ɗaya. Asusu ya kasance a ƙarƙashin amintattu da aka yi wa rajista, masu cutar da iyalansu su sami kujera a cikinsu. A riƙa buga abin da ya shigo da abin da ya fita duk wata uku. Masu bincike su nema a rubuce, masana daga wata jami'ar su tantance, kwamitin ɗa'ar bincike ya amince. A ƙarshe a dawo wa waɗanda suka ba da kuɗi da sakamakon cikin Hausa da sauran harsunan yankin, a rediyo da zauren gari, ko da sakamakon bai yi daɗin ji ba.

Hujja ta huɗu ta fi sauran taɓa zuciya. Ba kowane majiyyaci ne zai iya gudu ba, kuma zalunci ne a ɗauki Jimmy Choi a mayar da shi bulalar dukan wanda ko tashi daga tabarma ba ya iyawa. Labarin Rob Burrow ya amsa wannan. Ɗan wasan ƙwallon zari-ruga ne a birnin Leeds na Ingila, wanda a ƙarshen 2019 aka gano yana da cutar da ke kashe jijiyoyin motsi har mutum ya rasa tafiya da magana. Abokin wasansa Kevin Sinfield ne ya yi gudu a madadinsa: fanfalaki bakwai cikin kwana bakwai a Disambar 2020, inda ya tara fiye da fam miliyan biyu. A watan Mayun 2023 ya tura shi a keken guragu tsawon fanfalakin Leeds, da suka zo ƙarshe ya ɗauke shi a hannu suka tsallaka layi tare. Burrow ya rasu a Yunin 2024. Bai yi taku ɗaya ba a wannan tsere, amma amincewarsa a ga halin da yake ciki ita ce ta buɗe aljihun jama'a.

Ga waɗanda ke da sauran ƙarfi kuwa, motsa jiki na da amfaninsa. A wani gwaji da aka yi a Amurka kan mutum 128 da cutar Parkinson ba ta daɗe da kama su ba, waɗanda suka yi atisaye mai ƙarfi na wata shida alamun cutarsu ba su tsananta kamar na waɗanda ba su yi ba. Dai Greene na yankin Wales, mai farfaɗiya, ya zama zakaran duniya a tseren mita 400 na tsallake shinge a 2011. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa idan an gano cutar an kuma ba su maganin da ya dace. Sharaɗin dai shi ne kowa ya fara da ganin likitansa, kada wani ya ajiye magani ya ce gudu ya ishe shi.

Ba ƙafa ce ta yi ƙaranci a ƙasar nan ba. A 2015 Suleiman Hashimu ya taka daga Legas zuwa Abuja don murnar nasarar Muhammadu Buhari, daga nan tattaki saboda 'yan siyasa ya zama yayi. Legas na gudanar da fanfalakinta tun 2016, Abuja ta fara nata na ƙasa da ƙasa a 2023. Waɗanda shan-inna ta shanye wa ƙafafu sun ƙirƙiro ƙwallonsu ta kan allo mai taya tun ƙarshen shekarun 1980, a ƙarƙashin jagorancin Misbahu Lawan Didi, suka kuma yi amfani da ita wajen jan hankalin iyaye ga rigakafi. Omotola Thomas, 'yar Najeriya da aka gano tana da cutar Parkinson tana da shekara 35, ta kafa ƙungiyar Parkinson's Africa don wayar da kan 'yan nahiyar. Abin da ya rage shi ne a haɗa ƙafar da tambayar.

Keffi na da duk abin da wannan haɗi ke buƙata. Tana da Cibiyar Lafiya ta Tarayya, inda majiyyata daga ƙauyukan yammacin Nasarawa ke zuwa. Tana da Jami'ar Jihar Nasarawa mai ɗalibai da malamai masu neman abin bincike. Tana da masarauta da ake jin maganarta, kuma ta saba da wasa don taimako, tunda gasar ƙwallon dawaki da ake yi a garin kan ɗauki taken tallafa wa ilimi da marayu. Tambayoyin ma suna bakin ƙofa. A wasu ƙasashe bincike ya danganta wasu magungunan kashe ciyawa, irin su paraquat, da ƙaruwar haɗarin cutar Parkinson, ga kuma manoman riɗi da doya da rogo na Nasarawa suna feshi babu safar hannu babu takunkumi. An san wahalar haihuwa da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa da buguwar kai a hatsarin babur na haddasa farfaɗiya, kuma sanin wanda ya fi yawa a Keffi da Karu da Kokona shi zai nuna inda ya kamata a sa kuɗin rigakafi.

Ba sai an fara da kilomita 42 ba. Kilomita biyar sun isa, daga ƙofar fadar Sarkin Keffi zuwa harabar asibiti ko ta jami'a, mai gudu ya yi gudu, mai tafiya ya yi tafiya, mai keken guragu a tura shi, mata su fito cikin ayarinsu da shigar da suka saba. Litinin ta biyu a watan Fabrairu ita ce ranar farfaɗiya ta duniya, kuma Asabar ɗin da ke kusa da ita da sassafe ta fi dacewa da yanayin garin fiye da ranar Parkinson ta 11 ga Afrilu, lokacin da zafin bazara ke kan ganiyarsa. A tanadi ma'aikatan jinya da ruwan sha a kan hanya. A yi amfani da taron a koya wa jama'a abin da ya kamata kowa ya sani: yawun mai farfaɗiya ba ya yaɗa cuta, ba a cusa masa cokali a baki, ba a ɗura masa komai, a kawar da abin da zai ji masa rauni, a juya shi ya kwanta ta gefe har ya farfaɗo. Ƙungiyoyin gama-kai na ma'aikatu, waɗanda suka ƙware wajen tara kuɗin fili da na ragon layya, sun isa su ɗauki nauyin rajistar mambobinsu.

Kuɗin da za a tara a shekarar farko ba za su taka kara su karya ba, kuma babu mai gaskiyar da zai yi wa majiyyaci alkawarin waraka daga gare su. Ribar farko ita ce ta ranar Litinin da za ta biyo baya, lokacin da darakta zai iske akawunsa a ofis bayan ya gan shi jiya-jiya a kan titi sanye da rigar da ke ɗauke da sunan ciwonsa. Daga ranar, akawun ba ya buƙatar cusa hannu a aljihu. Yana iya neman izinin zuwa asibiti da sunan cutar da ke damunsa, likita ya rubuta shi a rajista, ya zama mutum na farko a cikin ƙidayar da za a gina sauran aikin a kanta.